Hayaƙi a Rijiya, Fom Ɗaya a Aljihu

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan, yau akwai shari'ar da za ku yanke. Amma kada kowa ya buɗe baki sai labari ya kai ƙarshe, don halinku sananne ne, tun ba a gama magana ba kun fara musu.

A garin Gangaren Maje an yi wani malamin makarantar sakandare, Malam Jafaru, mai koyar da kimiyya da zanen injuna. Siririn mutum ne mai saurin tafiya, kullum da ƙurar alli a hannun rigarsa. Ɗalibai suna sonsa, ko da yake suna yi masa dariya a bayan ido, domin ba ya iya wuce tsohon ƙarfe a bakin hanya bai duƙa ya jujjuya shi ba. A shekarar da abin nan ya faru, ƙungiyar 'yan asalin garin mazauna birni ta aiko masa da fom guda ɗaya tak. Suka ce za su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ya tafi jami'a ya karanta aikin injiniya har ya gama, kuma Malam ne zai rubuta sunan, tunda shi ya san yaran. Suka ba shi mako uku.

Fom ɗin ya kwana goma a aljihunsa har ya fara laushi. Ba rashin wanda ya dace ne ya hana shi ba. Su uku ne suka dace, kuma duk ukun a benci ɗaya suke zama, abokan juna ne tun aji ɗaya.

Ta farko Barira, 'yar mai ƙuli-ƙuli. 'Yan ajinsu suna kiranta Me-ya-sa, saboda ba a gama bayani ba tare da ta ɗaga hannu ba. Ta tashi tana jin tarin mahaifiyarta a ɗakin suya. Wani hutu guda ta ɓata shi a zaune a bakin ɗakin tana kallon hayaƙi kawai, ina yake bi, ina yake taruwa, har aka fara cewa ko yarinyar lafiya. Bayan haka ta gina sabon murhu, ta jera gwangwanayen tumatir ta yi masa maƙogwaro har saman rufi. Tarin tsohuwa ya ragu, maƙwabta suka riƙa zuwa gani.

Na biyu Lurwanu, ɗan maƙeri. Rubutunsa kamar kaza ta yi tono, jarrabawa kuwa da ƙyar yake haye ta. Amma ku miƙa masa abin da ya lalace, ku juya baya, kafin ku waiwayo ya kwance shi ya gano ciwon. Da kafaɗun mahaifinsa suka fara ciwo saboda zuga-zugi, Lurwanu ya samo ƙafar keke da fankar wata matacciyar mota, ya haɗa injin hura wuta mai juyawa da hannu. Tun daga ranar maƙerarsu ba ta sake neman mai zuga ba.

Na uku Tasi'u, ɗan mai amalanken shanu. Ƙaramin jiki gare shi, ba ya son magana, kuma babu wanda ya taɓa kama shi a lissafi. Shi ya gano dalilin da wuyan shanun babansa ke yin gyambo, ya nuna inda za a riƙa aza buhuna don nauyi ya zauna a kan ƙafafun amalanke ba a kan dabba ba. Ya san ƙullin igiya iri-iri. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, shi ne wuri mai zurfi da duhu, ko rumbu ba ya yarda ya shiga.

Malam Jafaru yana da wa, Tanimu, mahaƙin rijiya. Tun suna yara mahaifinsu ya rasu, Tanimu ya ɗauki diga ya shiga ƙasa domin Jafaru ya zauna a aji. Duk harafin da Malam ya iya, da lakar da yayansa ya kwaso aka saye shi, kuma Malam bai taɓa mantawa ba. Tanimu ƙaton mutum ne, amma shekaru sun tasar wa sittin, gwiwoyi sun fara ƙara.

Da bazara ta tsananta, rijiyar unguwarsu ta cika da laka, aka kira Tanimu ya yashe ta. Ku da kuka tashi da famfo ba ku san yasa ba. Sai an fara kwashe ruwan kaf da guga, aikin wuni guda, sannan mai yasa ya sauka ya riƙa cika bokiti da laka ana ja. Malam ya ji tausayin yayansa, ya je fadama ya aro injin ban-ruwa mai aiki da fetur. Tanimu ya ɗan yi gunaguni cewa shi da guga ya saba, amma da ya ga yadda ƙanensa ya ɗokanta sai ya yarda. Malam ya gayyaci ɗalibansa uku su zo ranar Asabar da safe su ga darasi da idonsu. A ransa kuma yana fatan ya ga wani abin da zai raba masa gardamar fom.

Aka ajiye inji a bakin rijiya, aka zura tiyo, aka tayar. Ya yi ta ruri, ko ɗigo bai kawo ba. Malam ya yi murmushi, ya juya ga jama'a ya bayyana musu cewa irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin gaba huɗu, rijiyar kuwa gaba goma sha biyu ce. Magani shi ne a kusantar da injin ga ruwan. Tasi'u ya auna igiya ya ɗaure shi, Lurwanu ya gyara masa totur don kada ya mutu a hanya, aka zura shi yana aiki har cikin rijiya, aka bar shi a rataye. Nan take ruwa ya ɓulɓulo ta tiyo yana malala a ƙasa. Mata suka yi guɗa, dattawa suka ce boko ya yi rana, Malam ya ji kansa ya yi girma.

Da ruwa ya ja baya, Tanimu ya yi bisimilla ya sauka. Aka bar injin yana aiki a saman kansa, domin idon rijiyar mai ƙarfi ne, in an kashe ruwa zai dawo. Laka ta fara fitowa bokiti bayan bokiti. Na bakwai ya zo rabi. Tanimu ya ɗago murya yana dariya, ya ce jiri yake ji, ga alama kokon safe bai riƙe shi ba. Aka mayar da bokiti, aka jira ya girgiza igiya, shiru. Malam ya leƙa ya kira, "Yaya." Ya sake kira. Ƙarar inji kaɗai ke amsawa.

Wuri ya ruɗe. Wata tsohuwa ta ce mutanen ɓoye ne suka riƙe shi, dama rijiyar tana da masu ita. Malam bai ji ko ɗaya ba. Ya jefar da hula, ya tuɓe riga, ya nufi igiya, samari biyu na biye da shi.

Barira ta riga shi. Ta naɗe igiyar a hannunta ta tsaya tsakaninsa da bakin rijiya.

"Malam, in ka shiga, gawa biyu za mu fitar, ko huɗu. Hayaƙin injin ne. Ba shi da hanyar fita."

"Ba ni wuri, Barira. Yayana ne a ciki."

Bai taɓa daka mata tsawa ba sai ranar, amma ba ta motsa ba. Ta ce a jawo injin a kashe. Wani dattijo ya ce in an kashe ruwa zai taso ya shanye Tanimu. Barira ta ɗauko madubin Tanimu, wanda mahaƙa ke haska rana da shi cikin rijiya, ta haska. Ga shi can zaune ya jingina da bango, kai ya langaɓe, ruwa a ƙugunsa. Tun da safe, saboda halinta na son sani, ta tambayi Tanimu saurin idon rijiyar ta rubuta a littafinta, taƙi ɗaya cikin kamar minti goma. Ta ce ruwa zai ba su kusan rabin awa, hayaƙi kuwa ba zai ba su komai ba. Aka jawo inji aka kashe. Ta sa aka kunna fitilar ƙwai aka zura da zare. Kowa na kallo, wutar ta yi ta ƙanƙancewa, kafin ta kai ƙasa ta mutu. Malam ya ga haka, ya zauna a cikin taɓo. Ya tuna dokar zuƙo ruwa tsaf, ya manta inji yana numfashi, kuma da hannunsa ya rataya shi a kan yayansa.

Kafin fitilar ta mutu Lurwanu ya riga ya ɓace. Sai ga shi a guje daga maƙera da injin hura wutar nan a ka. Ya zare tiyon ban-ruwa ya zazzage ruwan ciki. Bakin tiyo ya fi na fanka faɗi, sai ya fasa gindin gwangwani ya yi mahaɗi, ya farke tib ɗin tayar wani keke da ke jingine, bai ma tambayi mai shi ba, ya naɗe wurin tam. Aka zura tiyon, Barira na haskawa, har bakinsa ya tsaya daidai fuskar Tanimu. Lurwanu ya fara juyi. Bai yi nisa ba bel ɗin da ke juya fankar ya tsinke. Ya waiga dama da hagu, babu abin da zai maye shi, sai ya zare mazagin wandonsa ya ɗaura a wurin, ya matse wandon da gwiwoyi ya ci gaba. A wata rana da an yi shekara ana yi masa tsiya, amma ranar ba wanda ya ko murmusa. Wani ƙato ya karɓe shi don ya huta, ya juya da ƙarfi, mazagi ya zame. Lurwanu ya mayar ya karɓi abinsa, domin shi kaɗai ya san saurin da zaren zai jure. Mariƙin ƙarfe ne tsirara, tafin hannunsa ya yi bororo, bororon ya fashe, bai tsaya ba. Aka sake zura fitila. Ta isa har ƙasa, wutar 'yar ƙarama, amma tana ci.

Nan maza suka yo caa a bakin rijiya za su zura mutum su jawo. Tasi'u, wanda ba a taɓa jin muryarsa a taro ba, ya ce kowa ya ja baya. Ya nuna musu ƙasa tana zubowa daga gefe. Ruwan da inji ya yi ta malalarwa ya jiƙa bakin rijiyar, in aka taru a kai aka goga igiya da nauyin ƙato kamar Tanimu, gefen zai rufta ya binne shi. Ya sa aka ɗauko azara uku daga wani gida da ake rufi, ya ɗaure kawunansu, ya kafa ƙafafunsu nesa da baki. Ya sa aka cire taya daga ƙafar baro da ta wani babur, ya rataya ƙafa ɗaya a saman azarar, ɗayar a ƙasa, ya zagaya igiya ta cikinsu yadda mutum huɗu daga gindin bishiya za su iya ɗaga abin da takwas za su sha wuya a kai. Saura wanda zai sauka. Dole ya zama marar nauyi, kuma wanda ya san ɗaurin da ba zai shaƙe sumammen mutum ba. Tasi'u ya duba ko'ina bai ga kowa ba sai kansa. Ya karɓi zani daga hannun wata mata, ya rufe ido, ya ce a zura shi.

Ya tarar ruwa ya kai wuyan Tanimu. Ya tallafi haɓarsa, ya zagaya zanin ta ƙarƙashin hammata da cinyoyi, ya ƙulle, ya girgiza igiya. Igiyar mutum ɗaya take ɗauka, don haka ya tsaya a ƙasa yana kallon ana tafiya da Tanimu sama, tiyon Lurwanu a bakinsa, ruwa na hawa jikinsa, ɓurɓushin ƙasa na zubo masa a ka. Da aka jawo shi daga baya, ya yi amai, ya kasa tsayuwa, ya daɗe bai iya sakin igiyar ba.

Aka garzaya da Tanimu asibiti. Kwana biyu bai san inda yake ba, Malam na zaune a gefen gado. A rana ta uku Tanimu ya buɗe ido. Ya ce abin da ya iya tunawa shi ne wata iska mai sanyi a fuskarsa, da wasu 'yan hannuwa a haɓarsa. Malam ya durƙusa ya faɗa masa gaskiya, cewa dabararsa ce ta kusa kashe shi, ya fashe da kuka kamar yaro.

Tanimu ya dafa kansa ya ce, "Tashi, Jafaru. So ka yi ka hutar da ni. Shekara arba'in ina shiga rami, ni ma ban ga abin ba." Da ya ji labarin Barira da Lurwanu da Tasi'u, sai ya tambayi fom ɗin nan ko an cike. Malam ya ce a'a. Tanimu ya ce, "To ka cike shi. Amma kada ka zaɓa saboda ni, kada kuma ka zaɓa saboda kunyarka."

Malam ya rubuta wa ƙungiya takarda, ya ba su labari duka, har da nasa kuskuren, ya roƙi su ɗauki ukun. Suka amsa da yabo mai yawa, suka ce ƙarfinsu na mutum ɗaya ne, kuma ba su san ko baɗi za su iya maimaitawa ba.

Sai Malam ya kira yaran yana zaton ko wani zai fito da hujjar da za ta fifita shi. Abin da ya ji ya ƙara dagula masa lissafi. Barira ta ce tun ana zura injin tambayar ta zo mata baki, hayaƙin ina zai bi, amma ta ga Malam yana farin ciki a gaban mutane, ta ji nauyin ta kunyata shi, ta haɗiye. Sau ɗaya a rayuwarta ta yi shiru, kuma ranar ce tambayarta ta fi amfani. Lurwanu ya ce da bai gyara totur ba, da injin ya mutu da kansa tun a hanya. Tasi'u ya ce shi ya auna igiyar da ta rataye shi daidai saman kan Baba Tanimu. Babu wanda ya ce a ba shi, babu kuma wanda ya ce ba ya so. Malam ya ga yadda kowannensu ke satar kallon aljihunsa, tausayi ya kama shi.

Gari kuwa ya rabu uku. Mata a bakin rijiya suka ce Barira, domin da ba ta tare igiyar ba, da makoki huɗu aka yi, kuma duk abin da aka yi bayan nan a kan ganewarta aka gina shi. Injiniya, in ji su, shi ne wanda ya gane ciwo tun kowa na ihu. Masu musu suka ce ai ta gane tun da wuri ta yi shiru, kuma ganewa ba ta sa iska a hancin kowa.

Maƙera da masu gyaran babur suka ce Lurwanu, domin abin da ya ƙera da hannunsa ne ya riƙe ran Tanimu, ya kuma riƙe na Tasi'u. Ba don iskar nan ba, da fitila ba ta ci ba, da babu mai sauka. Suka ƙara da cewa sauran biyun takardunsu na da kyau, wata ƙofa za ta iya buɗe musu, shi kuwa in wannan ta rufe shi ke nan. Masu musu suka ce jami'a da alƙalami ake yinta, in aka tura shi ya kasa, an yi asarar gurbin ga kowa.

Malaman makaranta suka ce Tasi'u, domin ya ga haɗarin da babu wanda ya gani, har Barira, ya yi lissafi a lokacin da hankalin manya ya gushe, sannan ya sa ransa a kan lissafin nasa, ya shiga wurin da ya fi tsoro. Masu musu suka ce ai sai da aka gane masa hayaƙi aka kuma hura masa iska sannan ya sauka, kuma jarunta daban, karatu daban.

Ranar ƙarshe ta zo. Bayan azahar direban motar da zai kai fom birni ya aiko cewa yana lodi, da la'asar zai tashi. Malam Jafaru ya zauna a ofishin malamai, ya shimfiɗa takardar a tebur, ya goge ta da tafin hannu don ta miƙe. In ya nufi rubuta Barira sai ya tambayi kansa ko don ta ceci ransa ne. In ya nufi Lurwanu sai ya tuna hannun nan da ke naɗe da bandeji, ya rasa ko cancanta yake gani ko tausayi. In ya nufi Tasi'u sai ya ji tsoron ko maki kawai yake bi, irin ilimin takardar da ya kusa kashe masa ɗan'uwa. Ya san duk wanda ya rubuta, biyu za su koma gida, gaban kaskon suya ko maƙera ko bayan shanu, da wannan kai nasu da wannan hannu. Ta taga yana hango su ukun a gindin darbejiya, sun duƙufa a kan wani tsohon inji suna gardama, kamar ba ranar ce za a raba su ba.

Ya cire murfin alƙalami. Layin suna guda ɗaya ne, kuma gajere.

To jama'a, ga alƙalamin nan a hannunku. Barira da ta gane ta tare igiya, Lurwanu da ya aika iska, ko Tasi'u da ya kafa azara ya sauka: sunan wa za ku rubuta, kuma me za ku ce wa sauran biyun in kun fito?